Takalmin da Na Bari a Ƙofar Baba Istifanus

Juma'a, 3 ga Oktoba, da la'asar

Na dawo gida ba takalmi. Tafin ƙafata ya yi bororo, don kwaltar Sabha ba ruwanta da Oktoba. Hajja Zohra, matar da nake wa aiki, tana zaune a tsakar gida tana tsince dabino. Ta dubi ƙafata, ta dubi fuskata, ta ce, "Aziza, ina takalmi?" Na ce ya tsinke a hanya. Ta ce, "Duka biyu?" Na shige kicin.

Aziza take kirana tun ranar da na zo. Sunana Keziya, amma a gidan nan ba wanda ya taɓa jin sa, kuma haka na fi so.

Kofin yana wurina. Na cusa shi cikin buhun garin sha'ir. Sauran ba zan rubuta ba yau.

Asabar, 4 ga Oktoba, da hantsi

Sun tafi da Baba Istifanus, dattijon da ke jagorantar sujadarmu. Na rubuta, tunda ƙin rubutawar bai dawo da shi ba.

Ba mu kai goma ba, mu Kiristocin da ke jin Hausa a nan. Ranar Juma'a da hantsi muke sujada, lokacin da gari ke barci, a ɗakin Baba da ke bayan shagon masu walda a unguwar Mahdiya. Dokokinsa kaɗan ne. A zo ɗaya-ɗaya. Waƙa a maƙogwaro, ba tafi. Takalmi kuma a hannu, a shigo da shi ciki, kada a ga tarin takalma a ƙofar tsoho a yi tambaya.

In an zo kan Jibin Ubangiji, burodi ne daga gidan burodin da Djafarou, ɗaya daga cikinmu, ke aiki, da zoɓon Mama Rifkatu, da kofin silba guda ɗaya mai lotsattsen gindi. Kofin ba a ajiye shi ƙasa kowa ya ɗauka. Wanda ya sha zai juya ga na kusa da shi, ya kira sunansa na gaskiya, ya ce, "Ɗan gida ne kai, sha." A mako ɗaya nan ne kaɗai nake jin an ce Keziya.

Jiya ba mu kai ga kofin ba. Na makara, don Hajja ta tsayar da ni haɗa shayi. Djafarou ya fi ni makara. Ya shigo da buhunsa, bai ma gama sauke shi ba aka buga ƙofa. Ba bugun maƙwabci ba ne. Baba ya miƙe, ya nuna mana ƙofar baya da haɓarsa, ya ce, "A hankali, ɗaya-ɗaya." Shi kuwa ya fita ta gaba, ya ja ƙofar ya rufe. Ba mu ji ihu ba, ba mu ji gardama ba. Ƙarar mota kawai.

'Yan sanda ne ko wasu ne, ban sani ba. A garin nan mota ba lamba ba ta faɗa maka komai.

Bai gama sauke buhun ba aka buga. Wannan nake ta juyawa a raina.

Lahadi, 5 ga Oktoba, da safe

Yau a Kafur, garinmu, zumuntar mata na kaɗa tulu a gaban coci, ni ina wanke bargon Akram ɗan Hajja.

Litinin, 6 ga Oktoba, da azahar

Na kira Mama Rifkatu daga saman bene, ina shanya. Ita ce babbarmu bayan Baba, mai sayar wa leburori abinci, shekararta ta fi ta kowa a Sabha. Ta ce ba labari. Ta ce kowa ya zauna inda yake.

Na ce, "Mama, da ɗan gari akan ci gari."

Ta ce, "Me kike nufi?"

Na faɗa mata, Djafarou nake nufi. Ai ba ƙarya na yi ba. Wa ya shigo ƙarshe? Wa ya zo cikinmu bara-bara, ba wanda ya san shi daga gida? Mutumin Tasawa ne, ya ce iyayensa sun sallama shi saboda bangaskiya, amma wa ya je Tasawa ya tambaya? Wata Juma'ar har yanzu yana bin ubangidansa masallaci, wai don kada a gane. To wane ɓangaren ne ake ɓoye wa? Ga kuma burodin nan da yake yi mana daban, zagayayye, ya tsaga masa gicciye da wuƙa a kai. A gidan burodin Larabawa! Baba yana jin daɗin abin, ni kuwa tun farko na ce bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne.

Mama ta saurare ni har na gama. Sai ta ce, "Na ji." Can ta ce, "Ke kuma da me kika taka kika koma gida ran nan?"

Na ce ana kirana a ƙasa. Da gaske ana kirana.

Talata, 7 ga Oktoba, da la'asar

Hajja ta sayo mini takalmi, na roba, ruwan ƙasa. Ta ajiye a ƙofar kicin. Na sa, ya zauna cif. Yaushe ta auna ƙafata?

Ɗanta Akram ya dawo daga wajen Tamanhint, can yake aikin da ba a faɗin sunansa. Ya zauna yana shan shayi, yana magana da uwarsa ƙasa-ƙasa. Da na kawo gyaɗa suka yi shiru. Kullum ma suna yin shiru in na shigo, na sani. Amma na yau ya fi tsawo.

Motarsa fara ce. Ban ga launin waccan ba, kunnena kawai ya ji ta. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Alhamis, 9 ga Oktoba, da magariba

Djafarou ya yi ta kirana. Na toshe lambarsa.

An cire ni daga zauren da muke gaisawa a waya. Ina jin kowa aka cire, don tsaro. Haka ya kamata a yi. Da ni ce Mama, haka zan yi.

Juma'a, 10 ga Oktoba, da hantsi

Ba wanda ya ce mini a zo ko kada a zo. Na yi wanka na sa zanen sujada, sannan na tsaya a kicin ina feraye dankali da shi.

Aka ƙwanƙwasa ƙofar waje. Na leƙa ta hudar ƙarfen. Djafarou ne, da farin gari a gira, da buhu a kafaɗa. Buhun nan dai. Ya daɗe a tsaye yana waige-waige. Wa yake dubawa? Wa ke jiran sa a kwana? Ban buɗe ba. Na tsaya riƙe da wuƙar dankali har ya tafi, sai daga baya na ga na yanke yatsa.

Wa ya nuna masa gidan nan ma? To, ni ce, watannin baya, ran da ya taya ni ɗaukar tukunyar gas. Ga amfanin sakin baki.

Lahadi, 12 ga Oktoba, da la'asar

Balkissa ta zo yi wa jikokin Hajja kitso. 'Yar Maradi ce, tamu ce, kuma ita kaɗai ke shiga gidaje ba a tambaye ta dalili. Na kai mata ruwa bayan gida inda take wanke hannu. Ta ƙi haɗa ido da ni.

Na ce, "An yi sujada shekaranjiya?"

Ta ce, "Yaya Keziya, ki bari."

"An yi ko ba a yi ba?"

"An yi. Wani wuri. Ba burodi, ba kofi, addu'a kawai munka yi."

"Djafarou fa?"

"Ba a gaya mishi ba." Ta yarfe hannunta. "Ke ma ba a gaya miki ba, ai kin gani."

Na ce don me. Na san don me, amma na so in ji da kunnena. Ta ce, "Takalmin mace a ƙofar tsoho gwauro, a Mahdiya, ran Juma'a da hantsi. Kowa ya ga kin fita ƙafa ba komi. Wasu sun ce mantuwa ce. Wasu sun ce alama ce anka aje wa masu zuwa."

Alama! Ni? Ni da nake share ɗakin Baba, nake wanke masa kaya in ciwon bayansa ya tashi? Ni da na ɗauke kofin a lokacin da kowa ke neman ƙofa, har da masu manyan addu'o'in? Mama Rifkatu ta bar kular zoɓonta a can ta ranta a na kare, ba wanda ya ce kula alama ce.

I, a waje na tuɓe. Na zo a guje, na makara, na ji muryar Baba a ciki, ƙafata ta yi abin da aka koya mata. Tun ina 'yar mitsitsiya Inna ke zane ni in na tako ɗakin babba da takalmi. Shekara talatin da wani abu ina tuɓewa a ƙofa. Dokar Baba shekara biyu ce kacal. Wanne zai ci wanne in mutum yana haki?

Balkissa ta ce, "Ni ban ce komi ba." Haka kowa yake cewa. Wani dai ya ce.

Na yi kuka a bayi, na buɗe famfo don kada a ji. Ba tsoro ne ya sa ni kukan ba. Haushi ne, da kunya.

Litinin, 13 ga Oktoba, da asuba

Mantuwa ce. Mantuwa ce. To in mantuwar ce ta kai Baba hannunsu fa?

Laraba, 15 ga Oktoba, da azahar

Na fasa butar shayin Hajja, ta tangaran, wadda marigayi mijinta ya kawo mata. Ta suɓuce ne kawai. Kwanan nan komai suɓucewa yake.

Na tsaya a kanta, zuciyata ta riga ta shiga ɗaki tana naɗe kaya. Fasfo ɗina yana cikin durowar Hajja tun ranar da na zo. In ta ce fita, ina zan nufa, da wace takarda, wace ƙofa ce ma za ta buɗe mini yanzu?

Ta shigo, ta ga ɓaraguzan, ta yi ta faɗa da Larabci har ta gaji. Sannan ta zauna a kan kujerar kicin ta koma Hausarta, irin wadda ta tsinta a bakin kakarta. Ta ce, "Nisrin 'yata fasa abu, ta yi dariya. Ke fasa abu, fuska kamar gawa. Don me?"

Na ce, "Hajja, Nisrin 'yarki ce."

Ta ce, "Kakata daga ƙasarku. An kawo ta da ƙafa, tana ƙarama, da igiya. Ta tsufa gidan nan. Har ta mutu, in ta ji an kira ta da ƙarfi, ta tashi tsaye. Ɗanta babana. Shi ya ci gida. Shi in an kira, ya ce ina zuwa, ya ci gaba da barci." Ta yi dariya ita kaɗai, ta ce in share wurin.

Ina shara maganar Baba ta dawo mini. Yakan ce, "Bara in ya fasa tulu, ƙofa yake kallo. Ɗa in ya fasa tulu, a yi masa faɗa, da yamma a kira shi cin tuwo. Yesu bai ɗauke mu aiki a gidan Ubansa ba, 'ya'ya ya mai da mu. Fasfo ɗinki yana hannun wani, Keziya, amma wurin zamanki ba ya hannun kowa." A lokacin na ce amin da ƙarfi, don daɗin faɗa gare ta.

Amma me ya sa Hajja ta ba ni labarin nan yau? Me take so in faɗa mata? Ta ba ni labarin igiya, makullin durowa kuwa yana rataye a wuyanta.

Juma'a, 17 ga Oktoba, da hantsi

Djafarou ya sake zuwa. Wannan karon bai tsaya kan ƙwanƙwasawa ba. Ya sa baki a jikin ƙofa ya ce, "Yaya Keziya! Yaya Keziya, saƙonki na hannuna!"

A titi! Sunan da na ɓoye shekara biyu, ya shanya shi a titi kamar wanki. In ba mugu ba ne, to wawa ne, kuma a Sabha ban san wanne ya fi haɗari ba.

Hajja ta ɗago daga carbinta ta ce, "Wace ce Keziya?" Na ce ɓatan gida ya yi. Ta ce, "Mhm," ta ci gaba da ja.

Asabar, 18 ga Oktoba, da la'asar

Labarin Baba iri uku a yini ɗaya, duk ta bakin mai kawo mana ruwa, wanda bai san na san shi ba. Wai an ga wani tsoho ɗan Najeriya a wurin da ake tsare marasa takarda. Wai a'a, an loda su a babbar mota an yi kudu da su. Wai kuma maganar ba ta addini ba ce sam, masu shagon walda ne ke son ɗakin.

In na ƙarshen ne, duk wannan cin naman juna da muke yi a kan me? Ban yarda da na ƙarshen ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Maganin hawan jinin Baba yana kan tagar ɗakinsa, bayan labule. Ba wanda ya ɗauko.

Lahadi, 19 ga Oktoba, da safe

Na durƙusa zan yi addu'a, na ji kaina ina ba da bayani. Na makara ne saboda shayi, ban yi da gangan ba, ai ni na ceci kofin, a duba aikina na baya. Haka nake yi wa Hajja in gishiri ya yi yawa. Na tashi ban ce amin ba.

Ina kewarsu. Har Mama Rifkatu da tsaminta. Ina kewar waƙar da muke yi ba murya, baki kawai na motsi, Baba yana kaɗa yatsa a gwiwa.

Talata, 21 ga Oktoba, da azahar

Balkissa ta dawo, ba kitso ya kawo ta ba. Ta ce, "Mama ta ce in amso kofin. Gata za a yi Jibin Ubangiji, an gaji da jira."

Na ce, "Kofin kawai?"

Ta sunkuyar da kai.

Na ce, "Ki ce wa Mama kofin nan ba shi da ƙafa. Tunda nake ban taɓa ganin an aika shi a leda ba. Hannu yake bi zuwa hannu."

"Yaya, kada ki sa ni tsakiya."

"Ai kin riga kin shiga. Ina ake yi?"

Ta ce an hana ta faɗa. Ta juya za ta tafi, ta tsaya gyara ɗankwali, ta ce wa bango, "Ni dai ran Juma'a ina da awo wurin telan nan na bayan kantin taya. Ɗakin sama." Ta fita da sauri.

Ko tarko ne? Ko gwada ni ake, a ga in na sani wa zai biyo baya? Na ciro kofin daga buhu, na kakkaɓe garin, na mayar.

Laraba, 22 ga Oktoba, da hantsi

Ina goge-goge a sama ban ji ƙofa ba. Da na sauko na tarar da Hajja a kicin, buhu a gabanta. Buhun.

Ta ce, "Mai burodi ya zo. Ya ce na Keziya. Na ce ba Keziya nan. Ya ce akwai. Kai mai tauri." Ta zazzage shi a ƙasa.

Burodi biyu a takarda. Da takalmina. Baƙin nan mai ɗinki a maɗaurin hagu, fari fat da gari.

Hajja ta ɗaga ɗaya ta juya shi, ta ɗaga ɗayan. Ta ce, "Bai tsinke ba." Ta ajiye su a gabana a jere, ta ce, "Sunan ya fi Aziza wuya. Zan koya." Ta ɗauki burodi ɗaya ta tafi da shi.

Ban sani ba ko alheri ne ko gargaɗi. Da Hajja ba ka taɓa sani.

Alhamis, 23 ga Oktoba, da la'asar

Na ce zan je sayen yis, na nufi gidan burodin. Na sami Djafarou a baya yana jera tirorin katako, shi kaɗai. Ya rame. Ya ce, "Yaya, kin samu?"

Na ce, "A ina ka same su?"

Ya ce, "Bakin ƙohwar Baba. Da na iso na gan su a waje, na ce wannan na Yaya Keziya ne, ta mance. Na jehwa cikin buhu in ba ki a ciki. Ban kai ga buɗe baki ba anka buga."

Na zauna a kan buhun fulawa. Wato sa'ad da motar ta tsaya, ba takalmi a ƙofar. Na ji wani sanyi ya sauko mini. Sai kuma na tuna sun ɗan jima a wajen kafin ya iso, an yi waƙa guda har da rabin addu'a. Wanda zai gani ya isa ya gani.

Na ce, "Me ya sa ba ka gaya wa Mama ba?"

"Wa ka ɗaukar wayata?" Ya yi 'yar dariya. "Ke ma kin toshe ni."

Na ce, "Ka san wanda ya fara kiran sunanka?"

"Na sani. Balkissa ba ta iya riƙe magana."

"Ka sani kake ta yawo da takalmina mako uku?"

"To naki ne. In kai ma wa?" Ya goge hannunsa a riga. "Yaya, ni ma ban wanke kaina ba. Patiron, mai gidan burodin, ya taɓa ganin alamar bisa burodin, ya ce mi ne ne wannan, na ce ado ne. Wataƙila ni sunka biyo. Ina kwana da shi, ina tashi da shi. Ban sai da Baba ba, Allah ya sani. Amma in ce ba ta hanyata anka zo ba, ban iya rantsewa."

Na dube shi sosai, ina neman inda ƙaryar take. Ban gani ba. Amma ai gwanin ƙarya ma ba a gani.

Ya ce, "Gidanmu a Tasawa, ran da na hwaɗi abin da na gaskata, babana bai buge ni ba. Tabarmata kawai ya naɗe ya aje waje. Da Baba ya miƙo mini kofin nan ya ce ɗan gida ne kai, na ɗauka wannan gidan ba a naɗe tabarma. In nan ma ana naɗewa, Yaya, gaya mini, mi na baro, mi na samu?"

Ni ce na naɗe ta, da bakina, daga saman bene, ina shanya zanin gado.

Na ce, "Gobe ka gasa burodin. Kada ka tsaga komai a kai, don Allah. Ka same ni bayan kantin taya."

Ya ce, "An kira mu?"

Na ce, "Ɗa ba a aika masa goron gayyata zuwa gidan ubansa." Na faɗa da ƙarfi, kamar na tabbata za a buɗe mana.

Juma'a, 24 ga Oktoba, da asuba

Na dafa zoɓo. Hajja ta gani ba ta tambaya ba. In tarko ne, yau za a sani. In Djafarou ne mai cin amanar, yau ni da kaina zan kai shi ƙofarsu.

Juma'a, da la'asar

Na rubuta kafin ya gushe mini.

Na riga shi isa, ya biyo ni da tazara. Duk motar da ta wuce sai na ji ta a bayana. A kan matakalar na ciro kofin, na zuba zoɓon daga gora, har ya ɗiga a zanena. Na ƙwanƙwasa a hankali.

Shiru. Ina jin numfashinsu ta cikin katako. Na san abin da bugun ƙofa ya zama a wurinsu yanzu, na ji tausayinsu, na kuma ji haushinsu. Na ce, "Mama, ni ce."

Ta buɗe kaɗan, iya faɗin fuskarta. Ta gan ni, ta ga wanda ke bayana, fuskar ta ƙara tsukewa. Ta miƙo hannu ta ce, "Kawo."

Na yi niyyar in ciro takalmin in ba da bayani, in ce ga shaida, ga wanda ya tsince su, a tambaye shi. Duk na shirya shi a hanya. Da na ga hannun nan a miƙe sai na ji na gaji da bayani. Na sa mata kofin a hannu, ban saki ba, na ce, "Rifkatu, 'yar gida ce ke, sha."

Ban taɓa kiran sunanta gatsau ba sai a kan kofin nan. Ta san dokar kamar yadda na san ta. Wanda aka miƙa wa ba ya ƙi, kuma in ya sha, na kusa da shi yake juyawa ya ba. Na kusa da ita mu ne, a kan matakala.

Ta daɗe. Ta kurɓa. Ta dubi kofin, ta dube ni, ta dubi Djafarou da burodinsa a ƙirji. Sannan ta dubi ƙafafunmu. Ashe ni har na fara zare takalmi ɗaya.

Ta ce, "Ku shigo da takalmanku a hannu, kafin a gan ku."

Ba a yi murna ba. Ba wanda ya rungume kowa. Wani ya matsa da tabarmarsa nesa da mu, na gani. Mama ta zagaya ta zauna can ɗaya gefen, ta fara da Balkissa, don kada kofin ya bi ta hannunta zuwa namu. Wurin Baba aka bar shi ba kowa. Balkissa ce ta miƙo mini, muryarta ƙasa-ƙasa, ta ce Keziya, ta faɗi sauran. Na sha. Zoɓon ya yi tsami, na manta sukari.

Saura mutum ɗaya, yana hagu da ni, gari a girarsa.

Har yanzu ban san wanda ya kai mu ba. Wataƙila burodinsa ne, wataƙila takalmina, wataƙila wani da ke zaune a ɗakin nan yana rufe ido yana addu'a. Wataƙila shi ɗin ne. Na juya, na riƙe kofin da hannu biyu don kada ya zube.

Na ce, "Djafarou, ɗan gida ne kai, sha."

Ya sha.